Shanuna Sun Zama Shaida

A shekarar da aka sace mini shanun huɗa, ruwa ya sauka da wuri. Bijimai biyu ne, ja da fari, da su nake noma dawar da ke ciyar da gidana da iyalin ƙanena da ya rasu a aikin soja. 'Yan banga suka kama ɓarawon a hanyar Ribah, igiyar shanun na hannunsa. Da na ji labari har rawa na taka, ni da gemuna.

Ashe murna za ta koma ciki. Aka ɗaure shanun a bayan ofishin 'yan sanda, wai su ne shaida, ba mai taɓa su sai an gama shari'a. Ɓarawon kuwa aka ba da belinsa. Da idona na gan shi a kasuwar Zuru yana tayin irin gyaɗa, zai je ya shuka abinsa.

Kullum nakan yanko ciyawa in ɗaura a keke in kai musu. Suna ganina sai su hau kuka, ni ma zuciyata ta karye. Ni da matata da matar ƙanena muka koma ga fartanya, amma ina! Abin da shanu ke gamawa da hantsi, mu yini ba mu kai rabinsa ba. Tsoro ya kama ni, don rumbu ya kusa ƙarewa, ga yara cike da gida.

Aka yi ta ɗaga shari'a, wani lokacin sai na je in tarar ba zama. Ranar da haƙurina ya ƙare na miƙe gaban alƙali na ce, "Ranka shi daɗe, a ara mini shanuna in yi huɗa in maido su. Damina ba ta jira."

Mutane suka kwashe da dariya. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ja ni waje ya ce, "Baba, shari'ar nan ba taka ba ce, tsakanin gwamnati ce da shi. Kai sai an kira ka."

Na ce, "To, gwamnati anka sace ma shanu?" Ya juya ya koma ciki.

Dawar maƙwabta na fitar da kai, jan bijimin ya kwanta a turkensa, bai ƙara tashi ba. Na tafi ina hawaye na gaya wa mai gabatar da ƙara.

"Assha," in ji shi. "To ka feɗe shi, ka shanya fatar da kyau. Ka zo da ita zama na gaba, kada shari'a ta lalace."

Haka na fita neman aron wuƙa.