Kwana Uku a Ɗakin Inna Saboda Tauhidi

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. Mijina Malam ya rasu bara da kaka, har yau in na ambace shi sai hawaye ya zubo mini. Amma wannan labarin na dariya ne.

Muna Gagarawa, Nasara ba su daɗe da shigowa Gumel ba, ina goyon fari. Wani baƙon malami ya sauka a zaurenmu daga wajen Maigatari. Ina tankaɗe a bayan zana na ji yana cewa duk wanda bai san tauhidi da hujjarsa ba bai musulunta ba, aurensa ma babu. Ni kuwa sallah kawai na iya. Na naɗe tabarmata, na saɓa ɗana, na koma ɗakin Inna, mahaifiyar Malam.

Inna ta dube ni ta ce, "Faɗa kuka yi?"

Na ce, "A'a, Inna. Baƙon nan ya ce wanda bai san tauhidi ba ba shi da aure, ashe ba aure tsakaninmu."

Ta ce, "To ni da na haifi bakwai ban san tauhidin ba, ɗakin wa zan koma?"

Da Malam ya dawo daga gona ya ji zancen, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ganin ina kuka ya zauna a kan turmi. Ya ce ilmin addini kashi uku ne: fiƙihu yana koya maka yadda za ka yi alwala da sallah, tasawwufi yana wanke zuciya, tauhidi kuwa sanin wanda kake bauta wa. Shi ma tauhidin rassa uku ne. Ilahiyyat zancen Allah, nubuwwat zancen annabawa, sam'iyyat abin da aka ji ba a gani ba, kamar kabari da ranar hisabi.

Na ce, "Malam, waɗannan sunayen sun fi ƙarfin bakina."

Ya ce, "Bar sunayen. Wa ya fito da geron da kike tankaɗewa?"

"Allah."

"Da su biyu ne fa?"

Na ce, "Da ɗaya ya ce a yi ruwa, ɗaya ya ce a yi fari, mu mutu a tsakani."

Ya ce, "Hujjar ke nan. Tashi ki koma ɗakinki."

Na ƙi. Na ce shi mijina ne, so yake a riƙa dama masa fura, ai dole ya ce na ci. Sai baƙon da ya ɗaure ni ya kwance ni da bakinsa. Kwana uku ina ɗakin Inna, Malam yana biya mini a tsakar gida, Inna tana tsinkar zogale tana gyara mini in na karkace, ita da ta ce ba ta sani ba.

Ran na huɗu da hantsi na tsaya a bayan zana, baƙon ya yi mini tambaya uku. A ta ƙarshe na manta sunan reshen, na ce, "Wanda aka ji ba a gani ba." Sai ya ce wa Malam, "Iyalinka musulma ce. Ni da ma ban ce da ita nake ba."

Malam da kansa ya ɗauko mini tabarmar, a gaban mahaifiyarsa, bai ji kunya ba. Ban sake barin ɗakin nan ba sai ranar da aka fitar da shi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.