Binnen Baba

Shekarar da na gama makaranta ina zaman jiran aiki, na haɗa agogo da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Na sa mata gilashi, na kafe ta a bangon zaure. Sama tana nuna lokaci, ƙasa tana jawo hasashen yanayi ta intanet, hoton rana ko na hadari. Ni kuwa sai hura hanci, kowa ya shigo sai na yi masa bayani ko bai tambaya ba.

Baba ba ya ɗaukar maganar 'yan boko, amma ya lura agogon bai taɓa saɓa wa ladan ba. Da ya ga hoton hadari kwana bakwai a jere, ya ce, "Kai, da gaske abin nan yake?"

Na ce, "Baba, ai ba ya ƙarya."

Washegari ya yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa don ruwa ya tarar da iri a ciki. Irin geron da ya gada wurin kakanmu ya juye kaf a gonarmu ta hanyar Baure.

Kwana uku sama fes, agogo kuwa sai zuba ruwa yake. Na duba saitinsa. A jerin garuruwa, Duwala ta Kamaru na danna maimakon garinmu Daura.

Na gyara, na ja bakina na tsuke. Baba ya yi gyaran murya sai in sulale in bar wurin. Abin da na fi tsoro yayyafi, wanda zai tayar da iri ya bar shi a hanya. Shi kuwa aka yi, ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa, ya ɗauke.

Bayan mako muka je gona. Baba ya durƙusa ya tona, tsiron ya fito ya ƙone. Nan na faɗa masa gaskiya. Na so ya mare ni, bai ko ɗago ba.

Ya kaɗe hannunsa, ya ce, "Gobe ka ɗauki ƙwarya ka bi gidajen mutane neman iri. Ni ban taɓa roƙon iri ba, ba zan fara da furfura ba."