Rabon Sifa

Luseane 'yar tsibirin Tonga ce, amma a mayankar shanu ta birnin Brisbane ta ƙare ƙuruciyarta, tana saɓar cinyar bijimi kamar mai ɗaukar jariri. Da ta ajiye aiki, 'ya'yanta suka biya mata tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa, ita da mijinta Sifa.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye Sifa ba ya son ci a gaban mutane, don haka ba ya barin ɗakinsu na cikin jirgin. A gidan su Luseane kuwa, wanda bai zo wurin ci ba shi ake fara ɗebar wa. Kullum sai ta shaƙe faranti da kifi da gwaza ta kai masa, kafin ta sa loma a bakinta.

Ran nan a lungun ɗakuna wani ƙato da ya sha ya yi tatul ya tare ta.

"Goggo, duk wannan ke kaɗai? Kar fa ki nutsar mana da jirgi!" Ya cusa hannu ya ɗauke kifin.

Ta ajiye farantin a ƙasa a hankali. Sannan ta shaƙo wuyansa, ta maka shi da bango, ta yi ta kirɓarsa har hancinsa ya fashe, haƙori ya faɗo. Da ƙyar ma'aikata suka ɓamɓare ta.

Ta koma ta ɗebo wani kifin.

Sifa ya kalli yatsunta. "Wannan jan fa?"

"Miya ce. Buɗe baki kafin ya huce."