Ashe Akwati Ne Ke Kai Ƙarata

Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da aka kafa wani farin akwati a gidan famfon ƙauyenmu ba, can gefen Kanya Babba. Ni ne mai kunna injin ruwa. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ya sa da ma'aikata suka ɗaure shi a bango, da ɗan ƙarfe a kansa kamar eriyar rediyo, ba su ga na kai a yi mini bayani ba.

Dokar ita ce a kunna safe da yamma. Amma da bazara, in Fulani suka koro shanu bayan azahar, ƙishi ya galabaitar da su, nakan tayar musu da inji. Wa zai hana dabba ruwa?

Rannan ina kashewa sai ga wayar injiniyan da ke kula da famfon daga Kazaure. "Malam, wa ya ce ka kunna ƙarfe biyu da kwata? In ka ƙara, ka ajiye makulli."

Har da kwata! Na waiga. Mutum ɗaya ke wuni a gindin dalbejiyar ƙofar, aminina mai facin taya, wanda aka yi mana kaciya tare. Ga agogo a hannunsa, ga ƙaninsa yana neman aiki. Ranar kasuwar Gwiwa ba ya nan, na kunna don in gwada, aka sake kira. Maimakon in wanke shi, sai na ce ai ya bar wakili.

Da ya dawo na tare shi gaban jama'a. "Munafuki, makullin nan kake wa ƙaninka kwaɗayi?"

Ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Dogo, ni? Ni?" Sati bai zagayo ba ya kwashe kayansa ya koma Babura.

Sai da damina ta faɗi injiniya ya zo. Ya buɗe akwatin, ya zaro layin waya irin na cikin wayar aljihuna, yana dariya. "Wannan ke turo mini saƙo duk sanda inji ya tashi ko ya tsaya. Ba a gaya maka ba?"

Washegari na hau babur zuwa Babura. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya ce, "Ba komai, Malam." Malam! Mutumin da shekara arba'in bai taɓa kirana da wani suna ba sai Dogo.

Makullin yana hannuna har yau, ba shi ya dame ni ba. Tun daga nan na koyi in tambayi abin da ban gane ba kafin in ɗora wa mutum laifi, ko da za a ce mini jahili.