Ranar da Na Miƙe Ƙafafun Motar Yayana

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kamo su. Amma akwai wata Asabar da ko a bakin kabari aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ita ce ranar da na yi aikin da ya fi kowane aiki kyau a rayuwata, kuma har yau ban gama nadamarsa ba.

A Inugu muke a lokacin, a unguwar Hausawa kusa da kasuwar Ogbete, shekarun da Turawa suka fara ɗaure kayansu. Ni tela ne, kuma ba yabon kai ba, ɗinkina ba ya karkata. Karkatar abu ciwo take sa mini. Ko a gidan mutane na ga tabarma ta goce, sai na sa ƙafa na gyara ta kafin in gaisa. Yayana kuwa direban babbar mota ne, yana kai shanu Fatakwal da Anacha. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini keken ɗinki, kuma na yi masa yaron mota shekara biyu kafin nan. Wannan shekara biyun ita ta cuce ni, don ita ta sa na ɗauka na san mota.

A bayan gari akwai wani fili na jan marmara, zagayayye kamar ƙwai, inda Turawa ke tseren ƙananan motoci ranar Asabar. Yayana ne ke ja wa wani Bature motar tserensa zuwa filin da babbar motarsa. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa ita kyauta. Wata 'yar ja ce, ba rufi, ba fitila, kujera ɗaya tal, ƙararta kuwa sai ka toshe kunne. A daidai lokacin aka fara barin baƙar fata su shiga tseren, yayana ya sa sunansa. Wata guda cur yana zuwa filin yana gwaji, har hannunsa ya saba da ita.

Ni tun ranar da aka kawo ta ƙofar gida idona ya sauka a kan ƙafafunta. Tayar gaba ta dama gwame gare ta, samanta ya shige ciki, ƙasanta ya fito waje. Ta hagu ita ma ta kwanta. Tayar baya ta dama ta ɗara 'yar'uwarta girma. In an tura motar aka saki sitiyari, sai ta kama hagu da kanta kamar akuyar da ta hango dusa.

Akwai wani makaniki Ibo da ke duba wa Baturen motar, haifaffen Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Na tare shi na ce, "Kai, wannan wane irin aiki ne? Mota duk a karkace?"

Yana sauri zai kama motar Anacha, an yi musu rasuwa. Ya ce, "Malam Tela, ka wanke ta in kana so, ka shafa mata mai. Amma ƙafafun nan, don Allah kada a taɓa su."

Ban tambaye shi dalili ba. Me zan tambaya, ni da na riga na san amsa? Na ce a raina, ai haka masu sana'a suke, mu ma teloli ba ma nuna wa kowa sirrin yanka. So yake a ci gaba da nemansa. Dattawan unguwa kuma suka ƙara mini zuga, don duk dillalan shanu ne da mahauta, idonsu a kan ƙafa yake fara sauka. Sarkin fawa da kansa ya zagaya motar da sandarsa ya ce, "Sa mai irin wannan ƙafa, ko kyauta ba na ɗora shi a mota. Bature dai ba ya bar maka abu mai lafiya."

Ranar Alhamis yayana ya tafi Fatakwal da shanu, zai dawo Asabar da hantsi, tsere kuwa da azahar. Ana saukowa daga Juma'a na tuɓe babbar riga, na ɗauko tef ɗin awo da zaren lilo da allina na ɗinki, na aro jak da sifanu. Na tura motar kan daɓen masallaci na waje, don nan ne kaɗai wuri shimfiɗaɗɗe ba tudu ba kwari a unguwar. Na kafa turaku huɗu, na ja zare ta gefe da gefe, na auna tsakaninsu gaba da baya har suka zo daidai. Sannan na riƙa auna kowace taya daga zaren, bakinta na gaba da bakinta na baya. Don gane tsayuwar taya kuwa, na ɗaura dutsen sikelin mahauta a zare na sake shi yana reto a gefenta.

Wallahi na yi aiki. Na kwance ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, na juya shi, na auna, na sake juyawa. Na tarar da wasu washa-washa, 'yan faya-fayan ƙarfe masu huda, an cusa a gindin ƙafar dama, na ce ga ha'incin nan, na zare su na zuba a aljihu. Babbar tayar baya na cire ta na sa safaya mai daidai da ta hagu. Kafin la'asar sakaliya motar ta tsaya cak a kan ƙafafunta huɗu. Muka tura ta a kan layi, aka saki sitiyari, ta tafi sak ba ta ko waiwayi hagu ba. Mutane suka yi ta sa albarka. Sarkin fawa ya ce, "Kai yaro, ashe maɗori ne kai ba mu sani ba." Kaina ya yi girma har hula ta yi mini kaɗan. Na roƙe su kada wanda ya gaya wa yayana, so nake sai ya ci tseren in faɗa masa da bakina.

Asabar ya dawo a gajiye, ya watsa ruwa, aka ɗaura motar a bayan babbar motarsa muka nufi fili. Saboda haka ko sau ɗaya bai tuƙa ta ba kafin a jera su. Rabin unguwa ta bi mu, har da tsofaffin da ba su taɓa zuwa kallon komai ba. Kafin ya sa hular kwano ya dube ni ya ce, "Auta, ka yi mini addu'a." Na ce, "Yaya, ai na yi maka abin da ya fi haka." Ka ji sakarci. Ya yi dariya, bai gane ba.

Motoci shida ne. Aka kaɗa tuta suka zabura. A miƙaƙƙiyar hanyar farko 'yar ja ta wuce su fit, kamar sauran a tsaye suke. Ni kuwa sirrin ya gagare ni riƙewa. Na haye kan ganga ina buga ƙirji ina ihu, "Aikina ne! Ni na miƙe ta! Ni ne nan!" Ba wanda ke wajen da bai ji ni ba, har Turawan suka waiwayo.

Sai ga kwanar farko. Yayana ya ɗan taɓa sitiyari kaɗan, yadda ya saba wata guda, yana jiran motar ta kwanta hagu da kanta. Motar kuwa na riga na raba ta da wannan ɗabi'a. Ta tafi sak, yadda na koya mata. Na ga ya fizgi sitiyarin da ƙarfi, na ga jar ƙura ta tashi, amma ina, lokaci ya ƙure. Ta ratsa gangunan da aka jera a bakin fili, ta daki gindin wata bishiyar kwakwar manja. Ban san yadda na sauko daga gangar nan ba.

Da rai muka zaro shi, alhamdu lillahi, amma ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Ana ɗaukarsa sai ga makanikin nan, daga tasha ya wuto filin. Ya tsuguna gaban motar, ya dubi tayar da ta rage lafiya, ya dubi ta baya. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ba sai na amsa ba, yatsu sun fi ashirin suka nuna ni, har da na waɗanda suka sa mini albarka jiya.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya ce, "Malam Tela, aiki ya yi kyau. Ko ni ba zan miƙe ta haka ba." Sannan ya zana da'ira a ƙasa da yatsa. "Filin nan hagu kawai ake juyawa, daga farko har ƙarshe. Shekara uku ni da Baturen muna karkata ƙafafun nan kaɗan-kaɗan har ta koyi shan kwana. Kai kuma ka warware su a yini ɗaya." Washa-washan nan suna aljihuna a lokacin, ina jin nauyinsu a cinyata.

An yi ɗori, ƙafa ta haɗu, amma ta gajarce da kamar yatsa uku, ta kuma karkace. Ita ce ƙafar taka kuloci, kulocin babbar mota kuwa ba ya son rarrauna. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin Inugu da Fatakwal ya koma zaman rumfa a Ogbete yana sayar da albasa. In babbar mota ta wuce sai in ga ya bi ta da ido har ta ɓace. Wannan kallon ya fi mini duka ciwo. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ni kuma na kasa neman gafararsa, sai dai in kai masa abinci in sunkuyar da kai in fito.

Da Sallah ta matso ya shigo shagona yana ɗingishi, ya ajiye yadi ya ce in ɗinka masa wando. Na kasa sa tef a ƙafar nan. Na yanka da tsohon awonsa, ƙafa biyu daidai wa daida. Da ya zo ya gwada, ta hagu ta sauka tana jan ƙasa, yana taka ta da dunduniya. Ya dubi wandon, ya dube ni, ya ce, "Auta, wannan ma miƙe shi ka yi?"

Sai ya fashe da dariya, ni kuwa na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban masu jiran ɗinki. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe tun a gindin kwakwa. Tashi ka ɗauko tef ɗinka. Ƙafar da ke jikina za ka auna, ba wadda kake so in kasance da ita ba."

Na auna. Daga ranar har Allah ya karɓi abinsa, shekara talatin da wani abu, ni nake ɗinka masa wando, ƙafar hagu gajera, da ɗan lanƙwasa a gwiwa. Duk telan da ya ɗaga wandon nan zai ce wanda ya yi shi bai iya aiki ba, alhali ban taɓa ɗinkin da ya zauna wa mai shi kamarsa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma da ƙafar ɗan'uwana na koye shi. Ba duk karkataccen abu ne ke jiran ka miƙe shi ba, wani da gangan aka karkata shi, kuma wanda ya karkata shi ya fi ka sanin hanyar da zai bi. Har yau in na ga tabarma ta goce ƙafata takan yi ƙaiƙayi. Sai dai yanzu nakan fara tambayar mai gida ko shi ya ajiye ta haka.