Jarka Ɗaya a Tsakiyar Kwara

Shekarar da aka rufe iyaka, mutane suka koma bin ruwa, na shiga kwalekwale daga tsallaken Binin zan dawo Lolo ranar kasuwa. Buhunan shinkafa sun yi wa jirgin yawa. A tsakiyar kogin Kwara ya kife. Matuƙin, wani Badende mai furfura, shi ya cafko wuyan rigata ya ja ni gaɓa. Ƙanensa, wanda muka riƙe jarka ɗaya da shi, bai fito ba.

Na koma gida babu ko ƙwarzane, amma buta ta gagare ni. Ruwa na taɓa fuskata, numfashi ya ɗauke. Ni da nake yi wa jama'a rubutun sha, na cika allona, na wanke, na kasa kai ƙoƙon bakina. Sai na koma yin taimama a bayan rumbu, ina tsoron idon mutane, ina kuma tsoron ko sallata ba ta karɓuwa, tun da ga ruwa a randa. Mai ɗakina ta yi tambaya har ta gaji, kullum in ce zazzaɓi ne.

Bayan girbi, da hantsi, matuƙin ya yi sallama a zaurena. Na kawo masa ruwan baƙo, rabi ya zube a tabarma kafin in dire kwanon. Ya kalli hannuna, bai sha ba.

"Malam, ba godiya na zo amsa ba," in ji shi. "Kai ne na ƙarshe da ya gan shi. Tsohuwarmu ba ta barci, tambayarta guda: ya samu yin shahada?"

Na ce ban tuna ba. Ya gyara zama, ya ce jirginsa na ɗaure, ba ya sauri.

Na ga ba zai tashi ba sai ya ji. Daga nan na fara ba shi labari, tun daga goron da marigayin ya ɓara mini a bakin ruwa yana yi mini ba'a, wai malamai tawada kaɗai suka iya iyo a ciki. Na faɗi sanyin ruwan, da yadda jarkar ta fara nutsewa da mu biyu. Na ce masa ƙanensa ya dube ni, ya yi kalmar shahada a fili, ni ma na amsa, sannan igiyar ruwa ta raba mu.

Ya rufe fuska da hularsa.

Da aka kira azahar, ya ɗauki butar da kansa ya zuba mini a tafi kaɗan-kaɗan. Tsoron ruwan bai sake ni ba sai bayan watanni, amma ran nan na kai alwalata har ƙafafu.

Da zai tafi na soma godiyar ceton da ya yi mini. Ya ɗaga hannu.

"Na fid da kai daga ruwa, ka ba ni abin da zan kai wa tsohuwa. Mun rabu lafiya, Malam, ba mai bin wani."