Kwamfuta Ba Ta San Ɗan Fari Ba

"Baiwar Allah, ya sunan yaron?" Karo na biyu ke nan ina tambayarta, ta sunkuyar da kai.

Sunanta Hajara, daga garin Fulatan ta zo ofishinmu na kula da yara a Rogo, tsohon mijinta ya daina ciyar da ɗansu. Mu kuma muna ta rige-rigen shigar da kowa cikin sabon tsarin kwamfuta, wanda bai shiga ba sai dai ya jira.

"Malam, ɗan farina ne fa. Bakina bai taɓa kama sunansa ba."

Lokacin takarda, "ɗan Hajara" zan rubuta in wuce. Kwamfuta kuwa ta ƙi motsawa.

An koya mana komai a bita, ban da kunyar uwa. Ga layi har waje. Ku da kuka san mutanenmu, ya zan yi?